Yadda ake karɓar riƙon yaron da aka koro daga Aljeriya shi kaɗai

Cikin mutanen da Aljeriya ke korowa Nijar akwai yara da yawa da ba uwa ba uba a tare da su. Wasu a ayarin motocin hukuma ake kawo su, wasu kuma a sauke su cikin hamada su tako kusan kilomita 15 zuwa Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyaka. Da yawansu 'yan Kance ne a jihar Damagaram, waɗanda aka tafi da su bara. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a wannan hanya, 52 daga ciki yara. Idan kana Agadas ko Arlit kana son riƙon irin wannan yaro kafin a gano danginsa, ga hanyar.

Da farko, kada ka ɗauke shi daga tasha don tausayi kawai. Je ofishin kare haƙƙin yara na jiharku ka ba da sunanka. Ma'aikacin jin daɗin jama'a zai zo ya duba gidan: ɗakin kwana, ruwa, da ko uwargida ta yarda da zuciya ɗaya, domin ita za ta wuni da yaron. Alƙalin yara ne ke ba da izinin riƙon. Ka adana takardarsa.

Ranar da ya iso, ruwa da fura ko kunu mai ɗumi tukuna, sannan asibiti. Duba ƙafafunsa, yawanci sun tsattsage saboda tafiya a yashi. Idan da ƙanensa aka zo da shi, ka roƙi kada a raba su.

Kwanakin farko su ne masu wuya. Yaron na iya ɓoye ƙosai ƙarƙashin tabarma, ko ya yi fitsarin kwance alhali ya kai shekara goma. Kada a yi masa dariya, kada a titsiye shi da "ina iyayenka?" Sunan ƙauyensu da na mai garinsu za su fito da kansu wata rana ana cin tuwo. Idan ya faɗa, ka rubuta ka kai wa ma'aikacin, shi zai haɗa da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ko hukumar kula da ƙaura ta duniya, OIM, a bi sawu.

Abin da ya fi damuna shi ne a mayar da ɗan riƙo ɗan aike ko mai talla. Abin da 'ya'yanka suka ci shi zai ci, makarantar da suka je ita zai je.

Idan wata ta zo ta ce ita ce uwarsa, ko da yaron ya ruga ya rungume ta, kada ka miƙa shi a ƙofar gida. Wataƙila ita ce ta ɗauko shi haya don bara. Ka kira ma'aikacin, a tabbatar, a yi miƙawar a gaban hukuma.