Kafin ka cike fom ɗin JAMB kana son zama injiniya

Duk shekara da JAMB ta buɗe rajista, sai maƙwabta a nan Jos su fara turo min 'ya'yansu, wai tunda ni injiniya ne in ba su shawara. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban abin da ke ƙona min rai shi ne shiga kwas ba tare da an binciki matsayinsa a wajen COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ba. Mutane sun ɗauka da zarar hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da makaranta, shi ke nan. Ina! COREN, wadda aka kafa tun 1970, ita ke da ikon yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a ɗungurungum ba. Sai ka ga sashen lantarki ya samu amincewa, na injuna da ke maƙwabtaka da shi bai samu ba. Haka ta faru da ɗan yayata. Da kuɗina a cikin kuɗin makarantarsa, shekara biyar cur a wata jami'a mai gine-gine masu ƙyalli, ya gama, ya yi bautar ƙasa, sai da maganar rajista ta taso muka gane cinikin biri a sama muka yi. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin tambaya ɗaya ta isa ta raba mu da wannan wahala. Yanzu ba na barin wani nawa ya biya ko sisi sai mun tabbatar daga COREN ɗin kanta, hedikwatarta na Abuja. Sannan in taka da ƙafata zuwa sashen, in ce a nuna min ɗakin gwaje-gwaje da wurin koyon aikin hannu. Ba shugaban sashe nake tambaya ba, 'yan aji huɗu nake tarewa in ce, "Yaushe rabon da a kunna muku wannan injin?" Amsarsu ta ishe ni.

Na biyu kuwa, haukan man fetur. Yaro ya ji an ce ma'aikatan kamfanin mai na kwasar kuɗi, ko ya ga an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022, sai ya kafe shi injiniyan man fetur zai zama. Kai ƙanena, wa ya gaya maka sai mai wannan digirin ake ɗauka a matata? Masu digirin injuna da lantarki da sinadarai ne suka cika wurin. Bambancin shi ne idan ƙofar mai ta rufe, mai digirin injuna zai juya masana'antar abinci ko tashar wuta, mai lantarki ya kama harkar sola, kai kuwa ka zauna jiran talla a jarida. Ra'ayina, ko da wasu abokan aikina ba su yarda ba: yi digirin farko a fanni mai faɗi, ka bar taƙaitawa sai digiri na biyu.

Abin takaici ma, yaron da aka haifa a Bukuru, yana wuce kududdufan kuza kullum, shi ne ke raina karatun haƙar ma'adinai, wai aikin 'yan tono ne. Alhali Jami'ar Jos na koyar da shi, cibiyar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa da cibiyar nazarin ma'adinai duk a garin nan suke, ga lithiyam ana ta haƙa a Nasarawa. Mun bar wa baƙi, muna gefe muna ƙorafi.

Sauran ƙanana ne. Iya gyaran rediyo ko haɗa wayar wuta ba shi ne shaidar za ka iya karatun lantarki ba. Lissafi ne zai tarbe ka tun aji ɗaya, in ba ku shiri da shi ka sake tunani. Zanen gini daban, injiniyan gine-gine da hanyoyi daban, har hukumar rajistarsu ba ɗaya ba ce. Mai son rubuta manhaja ya duba kimiyyar kwamfuta, domin injiniyan kwamfuta rabin karatunsa lantarki ne. Kada ka bi aboki, ba tare za a yi muku sakamako ba. A JAMB kuma Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri ake nema. Na ga wanda ya sa bayoloji ya yi asarar shekara guda.

Ke kuma ƙanwata, kada wani ya ce miki aikin gada da hanya na maza ne. Kwalkwali da takalmin aiki ba su hana hijabi.

Tun kafin ka zaɓa, tambayi kanka inda za ka yi horon SIWES, wato koyon aiki a masana'anta, na wata shida a aji huɗu. Hukumar horas da ma'aikata ta ITF da ta ƙirƙiro shirin tana nan kan hanyar Miango, amma ba ita za ta nemo maka gurbi ba. Idan ba za ka iya lissafa wurare uku da ke yin aikin fannin da kake so ba, je ka nemi injiniyan da ke cikinsa, ka roƙe shi ka bi shi wurin aiki na yini ɗaya kafin ka taɓa fom ɗin.