Yadda Ake Zanen Mafarki: Zabuwar da Ɗigonta Ya Koma Taurari

Maƙwabciyarmu a nan Tudun Wadan Zariya tana kiwon zabi bakwai, kuma kullum da la'asar sakaliya sai sun haye katangar da ke tsakaninmu sun jeru. Wata rana cikin hunturu, magariba ta kawo jiki, ɗaya daga cikinsu ta girgiza, ƙura ta tashi daga gashinta, ragowar hasken rana ya bugi ƙurar. Sai na ga kamar fararen ɗigon jikinta ne suke rabuwa da ita suna hawa sama. A daren na zana ta a bayan wani kwali. Bayan mako uku hoton ya kammala: zabuwa a kan katangar ƙasa, rabin jikinta ya koma baƙi wuluk, ɗigon da suka bar ta sun zama taurari a saman dutsen Kufena. Da wannan hoton zan nuna maka yadda nake aikin.

Ni zanen mafarki nake kiran irin wannan zane. Turawa suna ce masa Suriyalizim, tun da André Breton ya fitar da bayanin tafiyar a birnin Paris na Faransa a 1924. Amma wanda ya tashi yana jin yadda hankaki suka ara wa Gizo gashi ya tashi sama zuwa cin ɓaure ba ya bukatar a koya masa cewa dabba tana iya yin abin da ba a saba gani ba. Abin da yake bukata shi ne ya lura da yadda kakarsa take ba da labarin. Ba ta dariya, ba ta ce "ku yi haƙuri, wannan ba zai yiwu ba." Ɓauren ɓaure ne, kogin kogi ne, yunwar Gizo yunwa ce irin tamu. Abu guda ne kawai ya saɓa wa hankali, shi ya sa muke gaskata shi. Haka zanen yake: ƙarya ɗaya tak, sauran duk gaskiya tsagwaronta.

Na san a cikinmu akwai wanda ba ya zana mai rai saboda abin da ya karanta a wurin malaminsa, kuma ina girmama wannan. Duk abin da zan faɗa yana aiki ko babu dabbar a hoton. Sawunta a kan rairayi, gashinta guda yana yawo a iska, akurkin da ta bari a buɗe, ko buta tana shawagi a tsakar gida, duk suna ɗaukar mafarki.

Aikin farko ba ya bukatar fenti. Ka ɗauki fensir da ƙaramin littafi ka je inda dabbar take. Hoton waya yana taimakawa daga baya, amma ba zai nuna maka yadda take ɗora nauyinta a ƙafa ɗaya ba. Ni wajen masu kaji a kasuwar Sabon Gari na je, na gaida wani dattijo na ce, "Baba, don Allah zan ɗan zauna in zana zabin nan." Ya turo mini benci ya ce, "Bismillah, yaro." Na yi zane ya fi talatin, babu wanda ya wuce minti guda, domin zabuwa ba ta tsayawa. Yawancinsu ba su da kyau, kuma ba kyau ake nema ba. Ido ake horarwa.

Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma sai da na zauna a bencin nan na gane ban taɓa kallonta da kyau ba. Kanta babu gashi, fata ce fara-fara mai ratsin shuɗi, ga ɗan ƙaho a tsakar ka, ga jan nama biyu suna reto a gefen baki. Bayanta kamar an kife ƙwarya, wutsiyar tana kallon ƙasa. Ɗigon ma ba girmansu ɗaya ba: na fiffike da baya sun fi girma, suna ƙanƙancewa yayin da suke dosar wuya. Gaɓar nan ta ƙafar tsuntsu da ke lanƙwasawa ta baya, wadda muke ɗauka gwiwa ce, idon sawu ce. Gwiwar tana can sama a ɓoye cikin gashi. In akuya ka zaɓa, duba ƙwayar idonta, a kwance take, ba zagayayya ba ce kamar tamu. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne jarinka. Su za su sa mai kallo ya ce "wannan zabuwa ce," kafin ya ce "to me ke faruwa da ita?"

Sai zaɓen ƙaryar. Nan ne daɗin aikin, kuma nan na fi daɗewa. Kana iya taɓa girma, ka zana ƙadangare ya cika Ƙofar Doka yana gyaɗa kai, masu babur suna wucewa ta ƙarƙashin haɓarsa. Kana iya taɓa wuri, tarwaɗa tana iyo cikin hazo a saman rufin kwano. Ko nauyi, yarinya ta riƙe igiyar raƙumi shi kuma yana sama kamar balan-balan. Ko ka juya abin da aka saba: mun saba ganin balbela a bayan saniya, to ga 'yar mitsitsiyar saniya tana kiwo a bayan balbela. Salvador Dalí ɗan Sifaniya ya zana giwaye a 1948, ya ba su ƙafafu dogaye sirara kamar na sauro, amma jikin da haure na giwa ne. Leonora Carrington, haifaffiyar Ingila da ta ƙare rayuwarta a Meziko, ta zana kanta zaune a kujera cikin ɗaki, ga kura a gabanta, ga farin doki yana sukuwa ta bayan taga. Duk lokacin da na kalli wannan kurar sai in ji kamar daga tatsuniyarmu ta ɓullo.

Idan mafarkinka na barci kake son ɗauka, ajiye littafi kusa da matashi, ka rubuta da ka farka, kafin ka yi magana da kowa, domin kafin a idar da sallar asuba rabinsa ya tsere. Sai dai mafarki yakan zo da kaya da yawa. Ka tsinci abu guda ka bar sauran. Babban hoton da na fara yi, na zuba masa raƙumi mai fiffike, kifi a sama, tsani mara ƙarshe, farin wata guda biyu, da kaza mai rawani. Wata guda na yi a kansa. Ɗiyar yayata, 'yar shekara shida, ta tsaya a gabansa ta ce, "Kawu, ina zan kalla?" Abin ya yi mini ciwo, domin gaskiya ta faɗa. Inda komai abin mamaki ne, mamakin ya mutu.

Kuma kada ka je aron agogon Dalí mai narkewa, ya riga ya yi nasa tun 1931. A garin nan ne, a 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Matsayinsu shi ne a koyi dabarar Bature amma a ɗebo abin zanawa daga gida. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na Ibo, Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Mu kuwa ga ganuwa, ga zanko a kan soraye, ga bakan gizon da shahararren magini Babban Gwani ya ɗaure rufin Masallacin Juma'a na Zariya da shi a ƙarni na 19. Ko sunan kaɗai ka duba, bakan gizo, ai hoto ne yake jiran mai zanawa.

Kafin ka taɓa allo, yi ƙananan gwaji kamar girman kwalin ashana, shida ko takwas, baƙi da fari kawai. Matsar da dabbar gefe, sauke katangar ƙasa, bar wa sama fili. Mafarki yana son sarari da shiru.

Allon ba sai mai tsada ba. Guntun filawud daga wurin kafinta ya isa. Goge shi da samfefa, ka gauraya farin fentin bango da farin gam irin Top Bond, ni kashi biyu na fenti nake sa wa kashi ɗaya na gam, ka shafa sau biyu ko uku, kana barin kowane shafi ya bushe. Fentin akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, da burushi ana samu a shagunan Samaru da ke sayar wa ɗalibai kaya. Launi huɗu nake amfani da su: shuɗi mai duhu irin na rini, jan ƙasa, rawaya, da fari. Ba na sayen baƙi. Shuɗin da jan ƙasar in sun haɗu suna ba da baƙi mai rai, wanda ya fi na kwalba zurfi. Da farko ka tsinka jan ƙasar da ruwa ka wanke fuskar allon duka da shi, don farin ya daina kashe maka ido, kuma ɗumin ƙasar ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin sauran launuka.

Daga nesa ake farawa a taho kusa. Sama tukuna, duhu a can ƙoli, tana washewa yayin da take saukowa. Akirilik yana bushewa cikin 'yan mintoci, a hunturu kuwa kafin ka juya ya ƙame, don haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka ɗora takardar da masu kek suke gashi da ita, ka matsa fentin a kai, ka ajiye kwalbar feshin ruwa kusa. Ka tuna kuma yana ƙara duhu in ya bushe, sai ka haɗa shi ya ɗan fi abin da kake so haske. Abin da ke nesa ka kashe masa kaifi, ka ba shi fari da shuɗi, kamar yadda Kufena yake dusashewa a ranar hazo. Don jikin dutsen, na shafa fenti mai kauri na danna cukurkuɗaɗɗiyar leda a kai na ɗaga, sai ga tsagogi da tabo waɗanda hannu ba zai iya ƙirƙira ba. Max Ernst ɗan Jamus ya yi makamancin haka a 1925, yana ɗora takarda a kan katakon daɓe yana goga fensir. Gwada da tabarma ko faifai ko ɓawon itacen kuka, ka zura wa abin da ya fito ido, wani lokaci dabbar da kanta za ta leƙo daga ciki.

Yanzu maganar haske, wadda a ganina ita ce ke raba hoton da ke kama zuciya da wanda ake wucewa. Yanke shawara daga ina hasken yake zuwa, ka sa 'yar kibiya da fensir a gefen allo don kada ka manta. Duk abin da ke cikin hoton, har da ƙaryar, dole ya bi wannan hasken. In raƙumi yana sama, inuwarsa tana ƙasa, a rabe da ƙafafunsa, kuma wannan tazarar ce take gaya wa ido cewa da gaske ya tashi. A hoton zabuwata, ɗigo huɗu na farko da suka bar jikinta na yi wa kowanne 'yar inuwa a kan katanga, ba ta kai ƙwayar gero ba. Mutane ba sa lura da su, amma da na rufe su da yatsa sai ɗigon suka koma fenti kawai.

Ɗigon da tsinken tsintsiya na yi su, na yanke tsinke uku masu kauri daban-daban. Na jikinta a jere suke, suna bin lanƙwasar ƙwaryar bayan. Waɗanda suka fara tashi sun ɗan warwatse. Can sama na tsinka fari da ruwa sosai na zagaye wasu da shi don su yi annuri, wasu kuma na sa musu ɗan rawaya. Kada a ga inda ɗigo ya ƙare tauraro ya fara.

Fuskar dabbar kuma ka bar ta yadda Allah ya yi ta. Kada ka yi mata murmushi ko gira ko manyan idanun 'yar tsana, in ka yi haka ka koma zanen katun, wanda shi ma sana'a ce amma daban. Zabuwata tana kallon ƙasa ne, tana neman tsaba, ba ta ma san sama tana cika da ita ba. Daga nan taushin hoton yake fitowa.

In kana jin ka gama, juya shi ya kalli bango kwana biyu. Sannan ka dube shi ta madubi, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Daga nan ka kira yaro, kada ka yi masa bayani, ka saurara. Wannan karon ɗiyar yayata ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Kawu, in duka suka tafi, za ta ji sanyi?" Ban ƙara ko ɗigo ɗaya ba bayan wannan.

Saura man kariya, wato banish na akirilik. Bari hoton ya yi kamar mako yana shan iska. Zaɓi safiya, ka share ɗakin ka yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ka kwantar da allon, ka shafa da faffaɗan burushi mai laushi ta fuska ɗaya, siriri, kada ka koma kan inda ya fara kamawa. Kife babban kwali a kansa har ya bushe, washegari ka ƙara shafi na biyu ta gicciye.