Kurakuran da ke cinye hutun mako guda a bazarar Sakkwato

Ni malamar makaranta ce, kuma hutun da muke samu bayan zango na biyu yakan faɗo a tsakiyar bazara, wajen watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kusan kullum. Na yi shekaru ina komawa aji a gajiye fiye da yadda na bar shi, ina ɗora laifin a kan gajartar hutun. Daga baya na gane yadda nake kasa shi ne bai yi ba.

Kuskuren farko, wanda ya haifi sauran, shi ne a tsara hutu da kwanaki a manta da sa'o'i. Sai ki ji an ce Litinin wanki, Talata kasuwa, Laraba ziyara, kamar duk yinin namu ne. A garin nan, da bazara, rana ce ke da yinin. Abin da ta bar mana shi ne daga sallar asuba zuwa wajen ƙarfe goma, sai kuma daga bayan la'asar zuwa dare.

Wata shekara, ranar farko ta hutu, na kwance labule, na yaye zannuwan gado, na fito da kwanukan da ke cikin kabet, duk na tara a tsakar gida. Famfo bai kawo ba, mai ruwa kuma bai iso da kurarsa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Na duƙa wanki cikin rana har azahar. Da yamma kaina ya ɗauki sara, na kwana biyu a kwance, kayan na nan zube yara na tsallakewa. Inna ta zo duba ni, ta zauna bakin gado tana yi mini fifita da mafici, ta ce: "Ɗiyata, wa ya kore ki? Aikin gida ba shi ƙarewa."

Gyaran ba wuya gare shi ba: babban aiki ɗaya a kowace safiya, kuma a tanadi ruwansa tun jiya da yamma. A fara da abin da ba ya jira. Damina na tafe a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, don haka yashe kwata da kiran mai gyara ya duba rufin kwano sun fi goge kwanuka gaggawa. Wanki kuwa rana na taimakonsa, kafin ki gama ɗauraye na biyu na farko ya bushe, amma atamfa mai launi a juya cikinta waje a shanya ta a inuwa, in ba haka ba ta koɗe.

Kuskure na biyu shi ne fita. Wasu ba sa fita sam, suna ganin sai mai kuɗin zuwa Abuja ko Kano ne ya yi yawon hutu. Wasu kuma sai su kwashi yara da sha ɗaya na rana a a-daidaita, su dawo da kuka da ciwon kai. Duka biyu asara ce, domin abin gani yana kusa da mu. Akwai yara da yawa da aka haifa a garin nan ba su taɓa shiga Hubbaren Shehu ba, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun rasuwarsa a 1817, alhali mutane na tasowa daga nesa don su ziyarta. A je da sanyin safiya, a gaya wa yara kafin a shiga cewa wurin addu'a ne da natsuwa, a biyo ta gaban fadar Sarkin Musulmi a dawowa. Gidan tarihi na Waziri Junaidu, mai ajiye da tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi, ranar aiki ake nufarsa. Tafiya mai nisa, guda ɗaya ta isa a mako: ko Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, ko dam ɗin Goronyo a kan gulbin Rima. A tashi da an idar da asuba, a juyo kafin azahar. In duk wannan ya yi yawa, yamma ɗaya a Kwalkwalawa, yara su ga gulbi da masu noman fadama, ta wadatar.

Kada a fita ba ruwa a mota. Wanda zafi ya galabaitar, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuma wannan lokacin sanƙarau ne. Yaron da zazzaɓi ya kama da ciwon kai da sandarewar wuya, asibiti za a kai shi nan take, ba a jira gobe.

Zumunci ma yakan cinye hutu in ba a tsara shi ba. Ba na cewa a rage shi. A haɗa dangi unguwa-unguwa: na Mabera yamma ɗaya, na Runjin Sambo wata yammar, maimakon ketare gari kullum.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yadda muke jin kunyar yin abin da ranmu ke so. Mace ta ɗauki littafi ko zare da allura, sai zuciyarta ta ce mata ga aiki can yana jira. To, tsakanin azahar da la'asar babu aikin ƙarfi da ya dace, lokacin naki ne. Waya ce ke sace shi: a ce bari a duba WhatsApp, sai kiran la'asar. Ni nakan bar tawa a ɗaki, in shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, in ajiye kofin ruwan randa kusa da ni, in ci gaba da zanen hular da na fara wa maigida tun bara. Shi kuma a lokacin yake leƙa tattabarunsa ya canza musu ruwa. Yara, bayan sun yi barcin rana, sukan zo su zauna su zaɓa mini launin zare.

Ranar ƙarshe kada a sa mata komai. Gugar kayan makaranta da cefanen mako a gama su ranar Asabar da safe. Lahadi a dama fura da nono mai sanyi, a ci abin da ya rage a tukunya, a kwanta da wuri bayan isha'i.