Kiwon dabbar maharbi a World of Warcraft Classic: wuraren da ake yawan tuntuɓe

Wani dare cikin hunturun bara ƙanena ya faɗo ɗakina a Yelwa da kwamfutarsa a buɗe, ko sallamar kirki bai yi ba. "Yaya, damisata ta ɓata. Na yi ta kira, shiru." Na karɓa na duba, babu ita babu dalilinta. Na ce masa, yaushe rabonka da ba ta abinci? Ya yi jim, sannan ya ce, "Au, dama ci take yi?" Yaron nan fa shi ya yi mana kiwon ragon layya wata huɗu cur, dusa da safe, harawa da yamma, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi sai da ya aika a dubo ruwan ragon. Amma da ya zauna gaban allo, sai ya ɗauki dabbar tamkar wata bindiga da aka rataya masa a kafaɗa.

Kamfanin Blizzard ya fitar da wasan kwamfuta na intanet mai suna World of Warcraft a 2004, ya kuma dawo da tsohon zubinsa da sunan Classic a 2019, wanda ake hawa daga mataki na 1 zuwa na 60. A kan Classic nake magana, don a sabon zubin an sauke wa maharbi yawancin wahalhalun nan. Maharbi, wato Hunter, shi ne mai kama dabbar daji ya hore ta, ita tana tare abokin gaba, shi yana harbi daga nesa. Mu mutanen Bauchi bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba, tunda ko sunan garin, in ji masu tarihi, daga wani maharbi ne mai suna Baushe.

Abin da ya ci ƙanena ya ci mutane da yawa. A mataki na 10 ake ba ka aiken kama dabbobi uku da sandar horo, in ka gama a koya maka kama taka ta kanka. Murna takan sa mutum ya ruga daji nan take, alhali saura aike guda: sai ka je babban birnin ƙabilarka, Darnassus ko Ironforge ko Orgrimmar ko Thunder Bluff, a can ake koya maka ciyar da dabba, tayar da ita in ta mutu, da kuma horar da ita. Wanda ya tsallake wannan yana yawo ne da dabbar da ba shi da ikon ba ta ko loma ɗaya. Fara zuwa birni, ka sayi abinci, sannan ka fita kamu.

Kusa da hoton dabbar akwai wata 'yar fuska. In kore ce, dabbar tana cikin walwala, bugunta kashi 125 ne cikin 100. In rawaya ce, 100 daidai. In ta koma ja, ya faɗi zuwa 75, shaƙuwarta da kai kuma tana raguwa, har wata rana ka waiwaya ka ga ta kama gabanta. Shaƙuwar nan hawa shida ce, kuma sabuwar kamu daga ƙasan ƙasa take farawa, fuska ja wur. Don haka minti na farko bayan kamu na ciyarwa ne, loma biyu ko uku a jere har fuskar ta yi kore. Ka bar ta ta gama ci tukuna. In ka tura ta faɗa da abinci a baki, abincin ya tafi a banza. Duk sanda ta mutu ka tayar da ita, ranta a ɓace yake dawowa, sai ka sake ba ta.

Ba kuma komai take ci ba. Dangin zaki da damisa nama da kifi suke so. Kyarkeci da mujiya nama kawai. Gadu da beyar kuwa ba sa zaɓe: burodi, cuku, kifi, 'ya'yan itace, duk abin da ya faɗo jakarka. Shi ya sa nake ba sabon shiga shawarar gadu, ga arha wajen ci, ga taurin rai. Na san akwai wanda zai yamutsa fuska ya ce shi ba zai yi yawo da dangin alade ba ko da a wasa ne. Ba na jayayya da shi, beyar na nan. Sai dai a kula da darajar abincin. Busasshen naman nan mai kama da kilishi da ake sayarwa a ƙauyen farko yana wadatar da ƙaramar dabba, amma tana girma amfaninsa yana raguwa, har ta kai ranar da za ta kau da kai gaba ɗaya. Wanda ya koyi kamun kifi ya kuma riƙe damisa ya huta da sayen abinci har ƙarshen tafiya.

Inda aka fi yin asara ba tare da an sani ba shi ne horo. Na ga maharbi a mataki na 38 da zakin da har yanzu cizon mataki na 10 yake yi. Dalili kuwa, mai horar da dabbobi na birni ba komai yake koyarwa ba. A wurinsa za ka samu gurnanin da ke jawo hankalin abokin gaba, wato Growl, da ƙarin jini, da kaurin fata, da juriyar tsafi. Amma cizo da yakushi da gudu da ƙara mai firgitarwa, wato Bite da Claw da Dash da Screech, a daji suke, cikin jikin wasu dabbobi. Sai ka kai taka wurin mai garke ka ajiye, ka je ka kama wadda ta iya abin, ka yi ta farauta da ita har saƙo ya fito cewa ka koya, ka sallame ta, ka ɗauko taka ka koya mata. Screech na farko, alal misali, a jikin ungulayen yankin Westfall da ake kira Greater Fleshripper ake samunsa. Gurbin farko a garke azurfa 5 ne kacal, na biyu zinari 5. Sayi na farkon tun da wuri, domin ba a kama sabuwar dabba da wata a hannu, kuma na san wanda ya sallami abokiyar tafiyarsa ta mataki ashirin don bai san da garken ba. Kar ka manta da guzurin dabbar aro, ita ma da yunwarta take zuwa.

Aikin yana da gajiyarwa, ban musa ba. Duk bayan mataki takwas ko goma sai ka ware yamma guda kana bin wata dabba da ba ka so. Amma ranar da ka dawo da sabon cizo za ka ga bambanci tun a farautar farko.

Shi kuwa Growl, duk mataki goma ake samun sabon hawansa, kuma ba ya cin makin horo ko ɗaya. Mutane sukan saya a wurin mai horo su wuce, su manta cewa saye daban, koya wa dabbar daban. Sai ka buɗe allon horo ka danna mata da hannunka. Akwai kuma lissafin ƙarfin dabbar, wanda ba ya wuce 100: Growl yana cin 15, Claw 25, Bite 35. Claw ba shi da lokacin jira, saboda haka in ka bar shi yana tafiya da kansa zai iya shanye ƙarfin duka, gurnani ya makara, dodo ya juyo kanka. In ka ga dabbarka ta kasa riƙe abin da kuke faɗa da shi, fara duba nan.

Sau da yawa ma laifin na maharbin ne. Ya ga dodo, hannu na ƙaiƙayi, ya sakar masa kibiya mai dafi da kibiyar tsafi da harbin tarwatse tun dabbar ba ta isa wurin ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tsarin da nake bi mai sauƙi ne: sa wa dodo alama, tura dabba, jira ta yi gurnani sau ɗaya, sannan ka fara harbi. Kibiya mai dafi guda da harbin yau da kullum sun isa ga yawancin dodanni, kuma shuɗin ma'aunin ƙarfinka ba zai ƙare ba balle ka zauna shan ruwa bayan kowane faɗa. Maharbi yana saurin hawa ne saboda ba ya zama hutu.

In dodon ya riga ya taho, ka san filinka. Baka ba ya harbi ƙasa da yadi 8, takobi kuma ba ya kaiwa sama da yadi 5. Tsakanin nan akwai yadi uku da ba ka iya komai, kana tsaye kamar gunki ana jifan ka da tsafi. Kar ka tsaya sara da sassaƙa kamar jarumi. Sare masa ƙafa da Wing Clip, wanda ake samu a mataki na 12, ka ja da baya ka ba dabbar dama ta karɓe shi. Daga mataki na 30 kana da kwanciyar mushe, Feign Death, ka faɗi kamar ka mutu dodo ya koma kan dabba. Tana ƙin ci wani lokaci, kuma sai bayan daƙiƙa 30 za ka sake, don haka kar ka jingina rayuwarka da ita.

Kibiya kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Cika kwarinka duk sanda ka shiga gari, ka ƙara ɗauri biyu a jaka. Ana samun mafi kyau a mataki na 10 da 25 da 40, a canza da zarar an kai. Kwarin kansa yana ƙara saurin harbi, kar a jefar da shi don neman wurin zuba kaya.

Wajen rabon makin baiwa, wato makin da ake samu in an hau mataki, reshen Beast Mastery mai ƙarfafa dabba ne na mai hawa shi kaɗai: dabba ta yi ƙarfi, a 30 ka samu Intimidation mai sa ta sumar da dodo na ɗan lokaci, a 40 Bestial Wrath mai harzuƙa ta bugunta ya ƙaru. Masu warwatsa maki nan ɗaya can biyu sukan ƙare da biyan kuɗin goge makin don a sake rabo, wanda ke farawa daga zinari 1 yana hawa har 50. Kuma ba duk abin da malamin maharba ya shimfiɗa ne abin saye ba. Abin hawa na jiran ka a mataki na 40, kuɗinsa da na koyon hawa zinari 100 ne kafin ragi, ga kibiya da abincin dabba suna cin aljihu kullum.

Sai zancen kwaɗayin dabba mai suna. Kowa ya ji labarin Broken Tooth, zakin Badlands na mataki na 37 mai kai bugu duk daƙiƙa guda, ko Humar, baƙin zakin da ke kwana ƙarƙashin bishiya kusa da Ratchet. Suna da kyau, ba ƙarya. Amma ba kullum suke fitowa ba, kuma ba kai kaɗai ke jira ba. Na taɓa kashe dare biyu da datar sati guda a Badlands ina gadi, a dare na uku ya fito, na fara kamu, cikin daƙiƙa 20 ɗin da ake jira wani ɗan ɓangaren abokan gaba ya zo ya kashe shi a gabana ya yi mini rawa. Abokan da muka fara tare sun ba ni mataki uku a wannan satin. Saurin bugun nan a faɗa da 'yan wasa masu tsafi yake da amfani, don yana katse musu karatu. Ga mai hawa, damisar bakin hanya ta wadatar. In kuma ka nace sai ka kama mai ƙarfi, ɗana tarkon ƙanƙara na mataki na 20, ya daskare a ciki kana kamunka cikin kwanciyar hankali. A tuna, ba a kama dabbar da ta fi ka mataki, wadda kuma ta yi ƙasa da kai sosai sai ka yi renon ta kafin ta amfane ka.

Shiga kogo da mutum biyar shi ne inda sunan maharba ya ɓaci. Kashe Growl kafin a fara, domin akwai mai sulken da aikinsa ke nan, in dabbarka tana ƙwace masa dodo mai warkarwa zai rasa wanda zai bi. Kar ka taɓa barin ta a yanayin kai hari da kanta, ka riƙe ta a na bin umarni kawai. In ayari zai yi tsalle daga sama zuwa ƙasa, kamar a kogon Gnomeregan, sallami dabbar tukuna. Ita ba ta tsalle, zagayawa take ta doguwar hanya, ta iso maka da rabin kogon a bayanta kamar mai kiran biki. Gudun Cheetah na mataki na 20 yana ƙara sauri kashi 30, amma ana taɓa ka za ka jirkice, na ayari da ake samu a 40 kuwa kowa zai jirkitar, don haka a kashe shi kafin faɗa. Makami kuma in ya faɗo, bar wa jarumi gatarinsa. Kai baka mai kyau da kayan da ke ƙara zafin nama kake nema.

Abu na ƙarshe namu ne na nan gida. A sabar Turai muke wasa, ga wuta da ba ta sallama in za ta tafi, ga intanet da ke rawa da zarar hadari ya haɗo ta gabas. In layi ya yanke kana tsakiyar faɗa, mutuminka yana nan tsaye na ɗan lokaci ana dukansa. A saba ta yau da kullum abin bai wuce gudu daga maƙabarta ba. A ta Hardcore da aka buɗe a 2023 kuwa, mutuwa ɗaya ce, an gama. Can nake barin dabbata a yanayin kare kai in ina ni kaɗai, don ko na ɓace ta ci gaba da faɗa a madadina. Ba na shiga rami mai ƙofa ɗaya sai batirin kwamfuta a cike, waya kuma na gefe da data a shirye. Ƙanena yanzu yana mataki na 34 da beyar ɗinsa. Jiya na leƙa jakarsa na tarar gurbi shida duk kifi ne, ko wurin zuba ganima babu.