Yadda Za Ka Gano Matsalar Na'urar Neman Zinariya Kafin Ka Kai Ta Gyara Ko Ka Sayi Wata

Tun da labarin zinariyar Jado, can cikin saharar arewacin Nijar, ya ɓulla a 2014, gidaje da yawa a Damagaram suka san wannan na'ura mai faifai da doguwar sanda. Yau za ka tarar da wata jingine a bayan ƙyaure, an ce ta mutu. Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, batir ne ko waya ko ƙura. Saboda haka kada ka yi gaggawar kwance akwatinta, wato inda kayan lantarkinta suke.

Fara da batir. Idan irin su GPX 4500 ko GPX 5000 na kamfanin Minelab ce, batirinta na litiyom ne, an rubuta ƙarfin wutarsa 7.4V a jikinsa, kuma in ya cika mitar awon wuta takan nuna kusan 8. Kai shi wajen mai gyaran rediyo ya auna maka. In ya cika da dare amma ya sauka kafin hantsi, ya gaji. In ya kumbura, kada ka sake jona shi da wuta, yana iya kamawa. Zafin watan Afrilu da Mayu yana cin batir, musamman wanda aka bari a cikin mota rufe. Mai amfani da ƙananan batura kuwa, ya duba ko wani ya zubo ya bar farin gari a kan ƙarafunan, ya goge.

Daga nan sai wayoyi, kuma a nan nake so ka daɗe. Kunna na'urar, ka ɗaga faifan sama, ka bi wayar da yatsa tun daga faifai har bakin akwati, kana lanƙwasa ta a hankali. Duk inda ƙara ta tashi ko ta ɗauke, nan zaren ciki ya karye, ko da robar waje lafiya lau take. Yawanci a wuri biyu ne: gindin faifai da bakin soket. Haka za ka yi wa murɗaɗɗiyar wayar da ke zuwa batir, da ta abin saurare na kunne. Cire soket ɗin ka leƙa, ko wani haƙori ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta cika ramukan. Busa ta, ka share da busasshen buroshi, ban da ruwa. Wayar da ke lilo a jikin sanda ma tana sa na'ura kukan ƙarya, sai ka naɗe ta ka ɗaure.

Cire murfin da ke ƙarƙashin faifai. Baƙin yashi mai ƙarfe yana maƙalewa a tsakani, na'urar ta yi ta ihu a kan dattin da take ɗauke da shi.

Wani kuskure da nake yawan gani: mutum ya gwada ta a tsakar gida a unguwar Birni ko Zango, ga wayoyin lantarki a sama, ga rufin kwano, ga salula a aljihu, sai ya ce ta haukace. Fita bayan gari, ka kashe salula, ka mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani, ka bar ta ta zaɓi tasha mara hayaniya, sannan ka daidaita ta da ƙasar wurin. Binne dala ashirin kamar zurfin taƙi, ka wuce da faifai a kai.

In har yanzu shiru ko hauka, ari irinta mai lafiya wajen aboki, ku riƙa musanya kaya ɗaya bayan ɗaya: batir, waya, abin kunne, faifai. Wanda matsalar ta bi, shi ne mai laifi. A kashe na'ura kafin a cire faifai.

To, gyara ko saye? Waya, soket, batir da faifai duk ana canza su, kuma kuɗinsu bai kai na sabuwa ba ko kusa. In laifin yana cikin akwati, sai a yi lissafi. Tukuna ka tabbatar ta gaskiya ce, domin jabun GPX sun yi yawa lokacin da ake rububi. Nemi dilan kamfanin ya duba lambar jikinta. Jabu ba ta cancanci ko jaka ɗaya ta gyara ba. Ta gaskiya kuwa, ni dai in kuɗin gyaran ya haura rabin farashin wata mai lafiya, sayen nake zaɓa. Kuma ba kowane mai gyaran talabijin ne ya san allon lantarkin da ke cikin akwatinta ba. Tambaye shi ko ya taɓa gyara irinta kafin ya ɗora mata dalma.

Ka sa nisa a cikin lissafin. Daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut ya fi kilomita 400, kuma tafiyar sahara tana gaba. Na'urar da aka gyara, ka yi kwana uku kana aiki da ita a bayan gari cikin rana kafin ka ɗaure kaya, ka kuma tafi da waya da batir na ajiya.