Yadda mai ɗaukar hoto don sha'awa zai zaɓi manhajar gyara mai sauƙin kuɗi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi, ko ya kwana biyu yana bin ƴan kokawa da kyamara, ya san takaicin buɗe hotunan a gida: farar shadda ta yi fari fat har ɗinkin wuya ya ɓace, fuskar mahayi ta nutse cikin duhun rawani, hazon hunturu kuma ya dusashe launin kayan doki. Manhajar gyara ce ke ceto irin waɗannan hotuna, amma kafin ka sauke kowace iri, sai ka fara duba abu uku da ke hannunka, wato irin fayil ɗin da kyamararka ke fitarwa, ƙarfin kwamfutarka, da yadda za ka iya biya idan biyan ya taso.

Maganar fayil ita ce kan gaba. Hoton JPEG kyamara ta riga ta sarrafa shi ta matse shi, kuma kowane launi a cikinsa matakin haske 256 kawai yake da shi, alhali fayil ɗin RAW, wanda shi ne ɗanyen abin da kyamara ta kama, yana riƙe da mataki 4,096 ko 16,384 gwargwadon kyamarar. Wannan bambancin ne ya sa za ka iya dawo da ɗinkin farar riga kuma ka haskaka baƙar fuska a hoto ɗaya ba tare da fatar ta yi toka-toka ba. A ƙasar da rana ke dukan tsakiyar kai, mutane kuma suke son fararen kaya ranar biki, ina ganin wannan ya fi kowace ƙawa da manhaja za ta yi talla da ita. Saboda haka idan kyamararka tana ɗaukar RAW, nemi manhajar da aka gina domin wanke shi.

Wuri mafi kusa shi ne kamfanin da ya ƙera kyamarar. Canon na bayar da Digital Photo Professional kyauta, Nikon na da NX Studio, Sony kuma na da Imaging Edge, kuma kowace ta san launin kyamararta sosai, ta yadda hoton zai buɗe kamar yadda ka gan shi a bayan kyamara. Idan ka ji sun yi maka kaɗan, sai ka matsa zuwa darktable ko RawTherapee, waɗanda dukansu kyauta ne, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma ana iya juya su zuwa Faransanci. Ni darktable nake fifitawa ga mai tara hotuna da yawa, domin tana jera su, tana barin ka kwafe gyaran hoto ɗaya ka shimfiɗa shi a kan hotuna hamsin da aka ɗauka cikin haske iri ɗaya, kuma ba ta taɓa ainihin fayil ɗinka, sai dai ta rubuta gyaran a wani ɗan ƙaramin fayil a gefensa. Koyonta yana buƙatar haƙuri na makonni, kuma gara a faɗi haka tun farko.

Aikin GIMP daban ne. Wannan manhaja, wadda ɗalibai biyu suka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, ta fi dacewa da goge wayar lantarki da ta ratsa sararin sama, ko cire ledar da iska ta kawo gaban amarya, ko ɗora rubutu a katin gayyata. Ba ta buɗe RAW da kanta sai ta hannun darktable ko RawTherapee, don haka abokiyar aikinsu ce. Photopea na yin kusan irin wannan aiki a cikin shafin intanet ba tare da an sauke komai ba, sai dai tana zuwa da tallace-tallace kuma sai da mega ake buɗe ta.

Na kuɗi kuwa, a lura da yadda ake biyansu kafin a lura da kyansu. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin haya a kan Photoshop, Lightroom ma daga baya ta bi sahu, wato biya ne da ba ya ƙarewa, kuma sai da katin banki mai aiki a ƙasashen waje. Lissafin ba shi da wuya tun da Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957: a misali, hayar Yuro 10 a wata ta haura jaka 78 a shekara, kuɗin da zai iya sayen batir na biyu da katin ajiya mai kyau har a samu canji. Manhajar Affinity, wadda kamfanin Canva ya saya a 2024, a da sayen ta ake yi sau ɗaya, amma daga ƙarshen Oktoban 2025 ta zama kyauta ga wanda ya yi rajista, kuma ta cancanci gwaji idan kwamfutarka ba tsohuwa ba ce sosai. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne Photoshop ɗin sata da ake zuba wa mutane daga kilen USB zuwa wani, domin sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, kuma hotunan sunan ɗanka na cikin abin da za ka iya rasawa.

Game da kwamfuta, mai RAM, wato ma'ajiyar da take aiki da ita nan take, giga 4 za ta ja GIMP da hotunan JPEG, amma wankin RAW yana son giga 8 ko fiye. Wanda salula kaɗai yake da ita ya sauke Snapseed ta Google, wadda kyauta ce kuma tana iya haskaka fuska ita kaɗai ba tare da ta taɓa sauran hoton ba.

Hanyar yanke shawara ita ce gwaji da hotunanka na kanka. Zaɓi uku mafi wahala: ɗaya na tsakar rana mai farin tufafi, ɗaya na hazo kamar wanda ake samu a bakin tafkin Madarumfa cikin watan Janairu, ɗaya kuma na dare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki wanda ke sa fata ta yi kore. Gyara ukun a kowace manhaja, ka duba agogo ka ga minti nawa kowanne ya ci, sannan ka fitar da su a tsarin launi na sRGB da faɗin aƙalla ɗigon hoto (pixel) 1,800 a dogon gefe, wanda ya isa bugun santimita 10 da 15. Kai su wurin mai wankin hoto a buga maka a takarda, kuma idan ta WhatsApp za ka tura masa, tura su a matsayin fayil domin kada a matse su. Idan sun fito, fita da su inuwar bakin shago ka jera su, ka dubi launin fatar mutanen da ka sani ido da ido, ka riƙe manhajar da ta fito da su yadda suke.