Yadda Ake Rubuta Ƙagaggen Labarin Tarihi Ba Tare Da An Yi Abin Kunya Ba

Labarin farko da na rubuta na zamanin da, a Kano na kafa shi, lokacin basasar Tukur da Yusufawa, tsakanin 1893 da 1895. Na kai wa wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin makaranta, ya duba min. Bai wuce shafi na huɗu ba ya zare tabarau ya ce, "Ɗana, wannan yarinyar taka ina ta samo ashana?" Na sa ta ƙyasta ashana ta kunna fitilar ƙwai, ta zauna jiran saurayinta har ƙarfe tara na dare, da ya zo kuma ya ba ta sule biyar na toshi. Abu huɗu ke nan a sakin layi ɗaya, kuma babu ko ɗaya da 'yar talakan Kano ta sani a shekarar. Sunayen sarakuna kuwa duk na jera su daidai, da wanda ya gaji wane. Ko kallonsu bai yi ba.

Yawancin masu turo min rubutunsu ta WhatsApp a ramin nan suke faɗawa, ko soyayya suke rubutawa, ko labarin gano ɓarawo, ko na aljannu. Ba zan tsaya kan yadda ake gina jarumi ko raba babi ba, wanda ya kai ga sha'awar tarihi ya wuce nan.

Fara da yanke shekara da gari. "A zamanin da" ba lokaci ba ne. Kanon 1895 daban take da Kanon 1905, ita kuma daban da ta 1915. A watan Fabrairun 1903 Turawa suka ci birnin, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A 1911 layin dogo ya iso, cinikin gyaɗa ya biyo baya, a 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba. Shekara ashirin kacal, amma kuɗin da ke aljihun mutum ya canja, wanda ke karɓar haraji ya canja, hanyar zuwa Ikko ta canja. Dokata ita ce kada labari ya wuce shekara uku, gari ɗaya, in da hali ma unguwa ɗaya. Masu son su kwaso daga jihadin Shehu a 1804 har zuwa samun 'yanci a 1960 a littafi guda, ban taɓa ganin wanda ya kai babi na goma ba.

Sai jarumi. Kada ka ɗauki sarki. Jikokinsa na nan da ransu, kuma duk maganar da ka sa masa a baki sai an tambaye ka inda ka ji ta. Ka ƙirƙiro ƙaramin mutum wanda tarihi bai rubuta sunansa ba: marini a Ƙofar Mata, dillaliya mai shiga gidajen kulle, yaron madugu, baiwar da ke daka a gidan wani hakimi. Sarki ya wuce a kan doki daga nesa, a ji algaita, ya isa.

Yanzu ga inda aikin yake. Kafin ka rubuta layi ɗaya, sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ware wa kowane abu shafinsa: kuɗi, wuta da haske, lokaci, abinci, sutura, tafiya, hukuma. A takarda nake nufi, ba a waya ba, don za ka riƙa buɗe shi gefenka kana rubutu.

Shafin kuɗi shi ya fi kama mutane. Kafin Turawa wuri ake kashewa, ana ƙirga shi a ƙasa, dubu ashirin shi ne keso guda. Saboda haka attajirinka ba zai zura hannu a aljihu ya biya kuɗin doki ba, sai an ɗauko kuɗin a ka ko a jaki, a zauna a ƙirga, kuma ƙirgar nan kaɗai ta ishe ka fage guda mai daɗi. Bayan zuwan Turawa sai anini da kwabo da taro da sisi da sule da fam. Anini goma kwabo ɗaya, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, sule ashirin fam ɗaya. Naira sai a 1973. Na taɓa karanta labarin da aka biya sadaki da naira a zamanin Sardauna, alhali an kashe Sardauna tun Janairun 1966.

A shafin wuta ka rubuta ƙyastu, da ɗebo garwashi a gidan maƙwabta, da fitilar aci-balbal mai man gyaɗa ko man kaɗanya. Ka tuna dare duhu ne na gaske, in ba farin wata. A shafin lokaci ka soke agogo gaba ɗaya. Akwai asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha, tsakar dare. Ba mai cewa "ba ni minti biyar". Nisa ma ba a mil ake faɗarsa ba, sai a ce tafiyar yini ce, ko zango kaza. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, ƙarƙashin madugu, don haka in saurayin ya bi ayari, budurwar ba za ta ji ɗuriyarsa ba sai wani ayarin ya dawo. Wannan jira shi ne rabin labarin soyayyarka, kada ka gajarce shi.

Abinci kuwa, tuwon dawa da na gero, miyar kuka da kuɓewa, daddawa, man shanu, fura da nono, koko da ƙosai. Cire dunƙulen ɗanɗano, cire burodi, cire shayin safe a gidan talaka. A sutura ka nemi saƙi da tsamiya da barage da kore, da turkuɗin Kura mai barin shuni a jiki. Leshi da shadda ka bar wa wani littafin.

Shafin hukuma yana da tarko guda da kusan kowa ke takawa. Kafin Turawa, hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, jakadu ne ke zuwa ƙauyuka karɓo haraji. Turawa ne suka yanka gundumomi suka tura kowane hakimi ya tare a ƙasarsa. In labarinka na 1890 ne ka ajiye hakimi a ƙauye yana zaman fada kullum, ka yi kuskure. Haka 'yan doka, daga baya aka yi su, dogarai ne na da. Ƙofofin gari ma ba duka ne tsofaffi ba, Sabuwar Ƙofa sunanta ya tona ta.

Ina za a samo duk wannan? Abu mafi araha shi ne ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934, yana intanet kyauta, kuma cike yake da sunayen kaya da al'adun da suka ɓace. In kalma ta yi maka kama da sabuwa, duba ta can. Sai labarin Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954, akwai shi da Hausa. Ga mai rubuta mata, aure, kishiya, ƙawance da harin bayi, ban san abin da ya kai shi ba. Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya bayyana kasuwa da kayan da ake sayarwa. In labarinka ya faɗo bayan 1939, tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo za su ba ka yadda ake magana da abin da ke damun mutane. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano za ka ga kayan da idonka. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House duk suna Kaduna, amma kada ka kashe kuɗin mota da na masauki sai ka san takamaiman abin da kake nema, in ba haka ba kwana uku za ka yi kana juya fayil ka dawo da ciwon kai. Kuma rahoton Bature rahoton mai mulki ne. Ɗauki farashin gero da sunan gari a wurinsa, ka bar masa ra'ayinsa kan mutane.

Tsofaffi kuma a je musu da lissafi. Wanda ya kai casa'in yau wajen 1935 aka haife shi, bai ga zuwan Turawa ba, abin da kakarsa ta faɗa masa yake ba ka. Riƙe goro ko sabulu, ka zauna a ƙasa, kada ka ce "a wace shekara", ba za ka samu amsa ba. Ka ce, "Inna, da aka kai ki ɗaki, me da me aka jera miki?" ko "Baba, ran da kuka fara ganin jirgin ƙasa, wa ke sarauta?" Tsohuwa ɗaya da na yi wa tambayar jere ta yi sa'a guda tana lissafa min ƙore da tasoshi da yadda ake ɗora su, har da wanda uwar miji ta raina. Babi guda na samu a zaman nan. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, wasu da sun gani bakinsu ke mutuwa.

Wajen zance tsakanin mutanen labari, bi layi-layi ka tsince ofis, gwamnati, asibiti, mota, makamantansu. Amma kada ka cika bakin kowa da karin magana don a ce tsohuwar Hausa ce. Mutanen da ma suna cewa "miƙo min ludayi" ba tare da sun kawo hikima ba.

In ka cika littafin rubutun nan naka mai shafuka, zubin labarin zai zo da sauƙi fiye da yadda kake zato. Mai soyayya yana da dandali da talla da zaure da baiko, ba falo. Mai labarin bincike ba shi da ɗan sanda, yana da mai bin sawu da mai unguwa da alƙali da shaidu da rantsuwa, kuma ana rufe ƙofofin birni da dare, ke nan ɓarawon yana ciki har gari ya waye. Mai son aljannu ya sa su, tun Gandoki na Bello Kagara, da ya fito daga gasar 1933, ake gauraya yaƙin Turawa da ƙasar aljannu. Sharaɗi dai aljanin ma kada ya zo da tocila.

Sauran kuwa ka san su. Rubuta har ƙarshe kada ka tsaya gyara. Ajiye shi sati biyu. Ka bi shi da jan biro kana zagaye duk wani abu da hannu ke iya taɓawa, ka gwada shi da littafinka. Ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya dattijo, ɗaya matashiya mai saurin gajiya da labari. Kuma kada ka fara sakin shi babi-babi a WhatsApp kafin ka gama, don in ashana ta fita a babi na biyu, an riga an tura ta gidaje ɗari kafin ka farga.